Tsohuwar Taya a Ƙofar Gareji

Ranar Lahadi, bayan la'asar

Zuwa ga uwar 'ya'yana, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, jikin Inna kuma da sauƙi. Ki gaishe ta da kyau, ki ce mata surukinta yana yi mata addu'ar samun lafiya, rabi don Allah, rabi don a dawo masa da matarsa kafin ya ƙone tukunya ta uku. Mu nan lafiya lau. Auta ta koma makaranta, saura ni da littattafan da kika ce sun cinye mana rabin ɗaki da dukan hankalina.

Tun da garinku ya rantse waya ba za ta shiga cikinsa ba, ga ni na koma biro da takarda kamar zamanin da nake neman aurenki. Direban bas zai miƙa miki wannan. Kada ki ba shi komai, na riga na sha surutunsa, shi ne ladarsa.

Ina da labari, kuma wannan karon mijinki ne jarumin. Kin tuna na'urorin da Maigida, mai kamfaninmu, ya sa aka liƙa wa motocin tankar ruwanmu goma sha biyu bayan ɗaukewar ruwan bara? Direbobi suna kiran na'urar Magulmaciya, domin duk inda mota ta taka sai ta kawo rahoto a kwamfutar ofishina. Maigida ya saya ne don ya kama masu karkatar da ruwa. Wata shida ke nan, duk abin da ya kama shi ne mutum ɗaya da ke tsayawa wajen mai aski kowace Laraba.

To, kwanaki sai ga wata malamar makaranta, mai koyar da labarin ƙasa, ta zo ofis. Ita da wasu 'yan sa kai suna zana taswirar gari a intanet, wadda kowa zai iya dubawa, kowa zai iya gyarawa, ba a biyan ko sisi. Ta buɗe mini ɓangaren unguwannin ƙetare, na ga fari fat. Dubban mutane suna kwana suna tashi a kan farar takarda. Ta ce motar asibiti takan yi awa guda tana neman gida ɗaya a can, mai naƙuda tana jira. Ta ce ba motar da ta san lungunan nan kamar tankokinmu, ko za mu ba su sawun da Magulmaciya ta tara?

Kwana uku na yi ina lallashin Maigida. Maganar mai naƙuda ba ta motsa shi ba. Da na ce za a sa sunan kamfani a jerin waɗanda aka gode wa, sai ya ce ai shi dama mutum ne mai son jama'a.

Na yi aikin da tsafta, ki yaba mini. Kafin in tura, na goge sunayen direbobi da lambobin motoci, na goge kwanan wata da lokaci gaba ɗaya, don kada a ce Akawu ya tona asirin mai zuwa aski. Zallar layuka na ba su. Cikin mako biyu farar takardar nan ta cika da hanyoyi kamar jijiyoyin ganye. Na karanta labaran mutanen da suka bar gida shekara da shekaru don su zana bakin teku ɗaya. Ni daga kan kujerata na zana rabin gari, shayina bai ma huce ba.

Baba Burki, babban direbanmu, bai taya ni murna ba. Ya leƙo ta taga ya daɗe yana kallon allon kwamfutar, sannan ya ce, "Akawu, abin da na shekara talatin ina tarawa a kaina ka kwashe a yini ɗaya ka raba wa duniya. Saura ciwon bayan, shi ma ka tura musu."

Ga abu na biyu. Mai tanka ta tara ya ajiye aiki saboda idonsa, muka nemi sabon direba. A al'adar gareji, sabon direba sai ya yi wata shida a gefen tsohon direba kafin a ba shi makulli. Na ce wa Maigida wannan zamanin ya wuce, yanzu hanya tana cikin waya. Wanda na kawo mutum ne mai kimanin shekara hamsin, ya yi shekara ashirin yana jan babbar mota a wata ƙasa kafin kamfaninsu ya rushe. Ya iso garin nan da mata da 'ya'ya mata uku, suna raɓe a ɗaki ɗaya, ba zai iya jiran wata shida ba. Tuni aka raɗa masa suna Baƙo. Maigida ya ba shi gwajin wata uku, ya ce in ya kasa, ni na kasa. Na ce na tsaya masa. Ki taya shi da addu'a, ki haɗa da ni.

Ina kika ajiye matatar shayi?

Mijinki,
Akawu

*

Ranar Asabar, da hantsi

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta iso, na ji daɗi da Inna ta fara zama da kanta. Na ga kuma inda kika ce in rage cika baki. Na karɓa, zan fara daga wata mai zuwa. Matatar shayin kuwa tana inda kika ce, a gaban idona.

Baƙo yana fidda ni kunya. Kowace safiya nakan buga masa takardar hanya daga taswira, in sa hannu a ƙasa, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, ya kafa wayarsa kusa da sitiyari, ya tafi. Bai taɓa ɓata ba. Mutum ne marar yawan magana, in ya ce "to, Malam" sau biyu a yini ya yi hira.

Sai dai garejin bai karɓe shi ba. In ya zauna a bencin mai shayi sai bencin ya fara raguwa, wannan ya tuna zai duba mai, wancan ya tuna fitsari. Ba wanda ya zage shi, gaisuwa ma suna amsawa, amma iyakarta ke nan. A ganinsu shi ne shaidar cewa kawunansu ba su da sauran amfani, in ya ci gwajin gobe za a iya maye kowa da duk wanda ya iya riƙe waya. Ba su yi ƙarya ƙwarai ba, na ji Maigida yana irin wannan lissafin. Saboda haka a ofishina yake cin abincin rana, a kan kwalin takardu. Shekaranjiya ƙafar tabarauna ta karye, ya karɓa, ya ciro siririyar waya daga aljihu ya ɗaure. Yanzu ina kama da mai gyaran rediyo, amma ina gani. A ranar ne ya gaya mini babbar 'yarsa tana son karatun jinya, kuma ita ke karanta masa takardar hanyata da yamma don ya haddace sunayen unguwanni.

Malamar taswira ta aiko mini da tambaya. Akwai wani layi mai kauri da ya bi ta cikin kwarin da ya raba gari da unguwannin ƙetare, tsawon kilomita uku. Ta ce a hoton sama yashi kawai take gani, shin hanya ce ta gaske? Na ƙirga mata: tankokinmu sun bi ta nan sau dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu. Na rubuta mata cewa in wurin da tanka cike da ruwa ta bi sau dubu ba hanya ba ne, to ni ma ba akawu ba ne. Ta saka ta a matsayin hanyar da ba kwalta. Tana rage kilomita goma sha ɗaya a kan zagayen gada.

Ruwan farko ya sauka ranar Alhamis ta makon jiya. Ɗakinmu bai yi yoyo ba, kicin ne ya ɗauki nauyin. Washegari Baba Burki ya hau tsani da kansa, da wannan bayan nasa, ya rataye tsohuwar tayar nan tasa a saman ƙofar gareji, kamar yadda yake yi kowace damina. Shekara goma sha tara ina wucewa ta ƙarƙashinta. Na ɗauka wani camfi ne na direbobi, irin na kore tsawa ko mugun ido. Wata rana zan rubuta littafi a kan imanin masu tuƙi, babi na farko taya.

Kuma ki ji wani sabon salo. Tun ranar, Magulmaciya tana nuna mini motoci goma sha ɗaya suna zagayawa ta gada kamar masu rakiyar amarya, Baƙo kaɗai ke bin kwari. Yana yin sawu biyar, su uku. Na gane wasan, jan ƙafa suke yi don su nuna mana fushinsu. Dama kowace damina mai yakan ƙare musu da wuri, muna cewa hannu ne ke shiga tanki. Jiya na faɗa a gaban kowa cewa mai son sanin yadda ake aiki ya kalli tanka ta tara. Baba Burki ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi Baƙo, ya dube ni, ya tafi wanke hannu.

Saura mako biyar gwajin ya ƙare. Ki gaida Inna da mutanen gida.

Mijinki,
Akawu

*

Ranar Alhamis

Uwar 'ya'yana,

Ina fata kuna lafiya, ke da Inna. Ni lafiyar jiki ina da ita. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Baƙo ya rasu shekaranjiya Talata.

Rana ake yi tsantsa, ko gajimare babu a kan gari. Ya sauke ruwa a ƙetare, sawu na huɗu, ya juyo ba kaya. Ƙarfe uku saura ina zaune ina kallon allo. Ɗigon tanka ta tara ya shiga kwari kamar kullum, ya yi kamar rabin hanya, ya tsaya. Na ce ko taya ce. Bayan minti biyu ya motsa, amma a karkace, ya bar layin, yana tafiya ta inda ba hanya, da saurin da tanka ba ta yi a cikin yashi. Kin san abin da mijinki mai ilimi ya yi? Na ɗauki biro na rubuta a gefen takarda: na'urar tara tana ƙarya, a kira mai gyara. Sannan ɗigon ya ɓace. Na ci gaba da aikina har kusan rabin awa.

Ruwa aka yi a kan duwatsu, can nesa, inda ba ma gani. Kwarin nan kogi ne. Wata bakwai yana kwance a bushe, da damina ma yakan yi kwanaki a bushe, sai ruwan duwatsu ya taho gaba ɗaya, tsayin mutum, ba sallama. Tanka in ba kaya a cikinta gwangwani ce, ruwa ya ɗauke ta ya yi ta juyawa.

Mai tanka ta biyu ne ya gani daga kan gada ya bugo waya. Baba Burki bai tambayi kowa izini ba, ya kwashi direbobi duka suka bi gaɓa. Na bi su da takalmin ofis. Ranar nan ce na fara taka wurin da na rantse wa malamar taswira cewa hanya ce. Jiya da safe aka ga motar kilomita huɗu a ƙasa, ta kife a jikin wata bishiya. Shi kuma gaba kaɗan. Takardata tana aljihunsa na gaba, ninki huɗu, ta zama dusa.

A bakin gaɓar na tambayi Baba Burki me ya sa su suke bin gada. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa. Ya ce, "Ba ka ga taya ba?" Na ce na gani. Ya ce, "To ita ce. In taya ta hau, an rufe kwari. In ta sauka, an buɗe. Ranar farko da aka sa ni gefen direba aka gaya mini, ni ma ranar farko nake gaya wa kowa." Mu biyun mun san wanda ya soke ranar farkon.

Da muka juyo ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ranar da na yi musu gori a gaban kowa ya buɗe baki zai faɗa, sai zuciya ta ce masa, bari taswirar ta gaya masa. Ya ce niyyarsa ya bar mu kwana biyu mu ji kunya, sannan ya ja Baƙo gefe. Kwana biyun ne suka zama goma sha biyu. Tsoho mai jikoki yana kuka a cikin taɓo, ni kuma ba ni da abin ba shi ko hankici.

An yi jana'iza jiya da yamma. Direbobi goma sha ɗaya suka ɗauke shi. Shi ne karo na farko da suka matsa kusa da shi.

Kada ki taso, Inna ta fi bukatarki. Ki yi masa addu'a.

Mijinki

*

Ranar Lahadi, bayan azahar

Zuwa ga uwar 'ya'yana, abokiyar shawarata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikin Inna yana ƙara sauƙi, ke ma kina samun hutu. Saƙonki ya iso. Kin ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, ban taɓa musun wannan ba. Amma ƙaddarar da takardata ta zo, da sa hannuna a ƙasa.

Na je wurin malamar taswira. Ta riga ta ji. Ta buɗe kwamfuta a gabana, ta taɓa layin, ta mayar da shi kogin damina. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Ta ce laifinta ne, ta ga yashi da idonta ta bar lissafi ya rinjaye ta. Sannan ta ce, a hankali, ba don ta soke ni ba, da sawun ya zo da kwanan wata da ta lura duk na rani ne, ko ɗaya babu na damina. Na ce mata ni na goge. Na goge ne don in rufa wa mutum asirin askinsa.

Jiya Asabar Baba Burki ya kwashi direbobi suka je makarantarta, ba wanda ya aike su. Suka zauna a kujerun ɗalibai, gwiwoyinsu a sama, suna nuna mata allo da yatsa. Nan ana bi da rani kawai. Nan akwai rami bayan kwana. Nan gadar katako ce, ta ɗauki keke, ba ta ɗaukar motar asibiti. Sun ciro wurare bakwai irin kwarin. Awa huɗu tana rubutu. Ta ce wayoyin da ba su sabunta taswirarsu ba za su ci gaba da nuna tsohuwar hanyar har wani lokaci, don haka da yamma muka kafa allon gargaɗi a bakin kwarin, ta kowane ɓangare. Ni na rubuta kalmomin. Baba Burki ya rataya taya a jikin allon duk da haka. Ban yi dariya ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta miki. Maigida ya shirya rahoton hatsari, wanda za a kai wa hukuma. Ya ce marigayin ya bar hanyar da kamfani ya amince da ita bisa ra'ayin kansa, don ya yi sauri. Shaidarsa mai kyau ce, ga Magulmaciya ta nuna goma sha ɗaya suna bin gada, shi kaɗai ya ware. Saura sa hannun akawu. Ya ce mini, "Mamaci ba ya jin zafin takarda, Akawu. Kai kuwa kana da 'ya a makaranta." Ya ƙara da cewa takardar aljihun ai ruwa ya cinye. Ya manta irin mutumin da ya ɗauka aiki. Shekara goma sha tara ban taɓa buga takarda ɗaya ba tare da na ajiye kwafinta ba. Guda arba'in da bakwai ne, suna cikin koren fayil, kowacce ta ce a bi kwari.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana uku rahoton yana cikin aljihun teburina ina zagaya shi. Na kawo wa kaina hujjoji masu kyau, kin san na iya. Na ce laifin na mutum goma sha uku ne, don me zan ɗauka ni kaɗai. Na ce a shekaruna ba mai ɗaukar akawun da kwamfuta ta fi shi sauri. Duk littattafan da ke ɗakin nan ba wanda ya leƙo ya ce mini komai.

Ranar Juma'a na je gidan marigayin gaisuwa. Ɗaki ɗaya ne kamar yadda ya faɗa, an jingine katifa a bango don a sami wurin zama. Matar sai godiya take yi mini, wai ni ne na tsaya masa lokacin da ba su san kowa ba. Da na fito sai babbar 'yar ta biyo ni har bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, a unguwa ana cewa haɗama ce ta kashe shi, wai an hana shi bin wurin ya ƙi ji. Ni nake karanta masa takardarku kullum. Ko ni ce na karanta ba daidai ba?"

Kwana goma yarinyar nan tana ɗauke da wannan, ba ta gaya wa ko uwarta ba.

Na ce mata daidai ta karanta. Na ce ubanta bai taɓa kauce wa abin da aka rubuta masa ba ko da taku ɗaya, wanda ya rubuta ne bai san abin da yake rubutawa ba, kuma ga shi tsaye a gabanta. Ta dube ni, ta dubi wayar da ke ɗaure a tabarauna. Ina jin ta gane ɗaurin. Ta koma ciki ba ta ce mini sai an jima ba, kuma ban ga laifinta ba.

Saboda haka ban sa hannu ba. Na rubuta nawa rahoton, shafi biyu, ba ado, karo na farko a rayuwata. Na haɗa da takardu arba'in da bakwai da amsar da na ba malamar taswira. Baba Burki ya ce a rubuta nasa kason, ya dangwala yatsa. Gobe da safe zan ajiye kwafi ɗaya a teburin Maigida, in kai ɗaya inda za a kai nasa, ɗaya kuma in ba yarinyar ta karanta wa uwarta.

Ban nemi shawararki ba kafin in yanke, ki yafe mini. Bas ɗinku kwana biyu yake yi, ni kuwa na san kaina, in na ƙara kwana biyu zan samo hujja ta uku. Ki fara tunanin yadda za mu gaya wa Auta. In kin dawo wataƙila ki tarar da ni a gida da rana tsaka, ni da littattafan. Kin sha cewa ba na zama.

Ki gaida Inna, ki ce mata tukwanen sun daina ƙonewa, ban cika ɗora su ba. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
wanda ake kira Akawu, zuwa gobe da safe